Ranar Da Na Yi Wa Injin Isiyaka Fiffike

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a bakin kogi a Deptford, farkon shekarun casa'in. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in rufe fuska da tafin hannu, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Landan, fannin tsara birane. Ku riƙe wannan da kyau: tsara birane. Ban taɓa karanta komai a kan inji ba. Amma duk Hausawan da suka san ni Injiniya suke ce mini, saboda wata rana hitar da ke ɗumama ɗakin da ɗalibai muke salla ta mutu, na buɗe ta na gyara. (Fis ne ya ƙone. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.) Sunan ya bi ni, ni kuma ban kore shi ba. Gaskiyar magana ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In na ga noti sai na murɗa, in na ga rediyo tana aiki lafiya sai na buɗe bayanta in ga dalili. A bazarar nan abin ya ƙaru. Rubutun kammala karatu ya tsaya mini cak, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, ɗan flat ɗina ya yi mini kaɗan. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in sauka kasuwa in dawo ban sayi komai ba.

Babban abin da ya hana ni sukuni kuwa Nafisa ce. A Landan aka haife ta, tana aikin haɗa magunguna, suna zaune a Stratford ita da mahaifiyarta, Hajiya. Mahaifinta likita ne, ya rasu tun tana sakandare, don haka maganar aurenta tana hannun Baffanta, Alhaji Sule. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, yana da gida kusa da lambun Regent's Park, kuma a shekarar ya zo aikin gwiwa likitoci suka riƙe shi. Manyana a Kano sun shirya tsaf, jira kawai suke ya ce a turo. Shi kuma bai ce a turo ba, bai ce kar a turo ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in bi shi gida in gaishe shi. In durƙusa, in tambayi jiki, in tambayi ƙafa. Amsarsa ɗaya ce: "To, madalla." In ba shi labarin karatu, "To, madalla." Na taɓa ce masa an yi cancel ɗin jirgin ƙasa na taho a ƙafa daga nesa, ya ce, "To, madalla." Mutum ne ƙato, mai faɗin kafaɗa, ga nauyin jiki ga nauyin baki. In na fito daga gidansa sai in yi ta zagaya unguwar, na kasa shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kasa tsayawa.

Wata Juma'a ya ce in raka shi ya taka ƙafa a cikin lambun, likita ya ce ya riƙa motsa ta. Muka iso bakin ɗan tafkin nan da ake hayar jiragen wasa. Ya tsaya, ya dogara da sanda, ya daɗe yana kallo. Sai na ji ya yi doguwar magana, karo na farko tun da na san shi.

"A Yawuri na tashi," ya ce. "Kafin in iya karatu na iya ruwa. Yau ga ni a garin da kogi ya ratsa, daga asibiti sai ɗaki, daga ɗaki sai asibiti. Waɗannan kuwa ai kwanonin wanka ne, ba jirage ba."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai Baba akwai jirgi a wurinmu. Mai inji."

Ya juyo ya dube ni sosai. "A wurinku?"

"A wurinmu, ranka ya daɗe."

(Kalmar "wurinmu" tana da faɗi. Deptford gaba ɗaya wurinmu ne.)

Jirgin na Isiyaka ne, maƙwabcina, mutumin zangon Kumasi, mai shagon doya da gari da manja a kasuwar unguwarmu. Ɗan ƙaramin kwale-kwale ne na gorar ruwa, da ɗan inji da ake maƙalawa a katakon bayansa. Ranar Lahadi yakan fita da shi kamun kifin da bai taɓa kamawa ba, ni kuma in bi shi don in rage zaman ɗaki. Ya sha ba ni tuƙi. Da na gaya masa abin da na yi alkawari, ya yi dariya ya ce, "Saboda Nafisa? Shi ya ce ka kai Baffan shi ruwa?" (Hausar Isiyaka ba ta san mace ba, kowa "shi" ne.) Ya ce ranar Asabar ta mako mai zuwa ma zai tafi suna Birmingham, in ɗauka.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma na kwana ina juyi ina auna nauyin Alhaji a raina. Washegari na lallaɓi Isiyaka muka ɗora buhunan shinkafa daga shagonsa a kan bencin jirgin, a matsayin Alhaji, muka fita gwaji. Ina buɗe wa injin wuta sai hancin jirgin ya ɗaga sama kamar raƙumi zai tashi, gindinsa ya nutse, muka yi ta gurnani a wuri ɗaya muna tura ruwa. Ba na ma iya ganin gabana. Na hango kaina ina tuƙa surukin da nake nema yana kallon gajimare. Isiyaka ya ce, "To ka tafi a hankali mana. Tsoho ne." Shawara ce mai kyau. Ban ɗauka ba.

Na bazama shagunan kayan jirgi wajen Greenwich, na shiga wannan na fita wancan, har na samo maganin. Wani faffaɗan abu ne na baƙar roba mai tauri, kamar jelar kifi, Turawa suna ce masa hydrofoil. Ana ɗaura shi a kan ɗan farantin ƙarfen da ke saman farfelar inji. In jirgi ya ɗauki gudu, ruwa ya bi ta ƙarƙashin fiffiken sai ya ɗaga bayan jirgin, hanci ya sauko, jirgi ya kwanta a saman ruwa ya yi ta sulɓi. Mai shagon yana bayani ina gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani.

"Za ka huda inji na?" in ji Isiyaka da ya ga abin.

"Ƙananan huji huɗu ne kawai."

"Injiniya, wannan inji, tun da na saye shi bai yi mini ƙarya ba."

"Bayan wannan har godiya za ka yi mini."

Ya daɗe yana shafa kan injin kamar mai sallama da ɗansa, sannan ya ce in yi, amma kada ya gani.

Ranar Asabar da sassafe na sauke injin daga jirgi. Na kwance igiyar da Isiyaka yake ɗaure shi da ita don ko-ta-kwana, na warware manyan sukurori biyu masu kunne da suke matse shi a jikin katako, na kwantar da shi a kan kwali a bayan shago. Na ɗora fiffiken, na yi alama da fensir, na ɗauko injin huda ƙarfe da na aro. Hujin farko ya fita tsaf. Na biyu bakin ya zame ya ci gefe, sai da na faɗaɗa shi. Gumi ya jiƙa ni duk da sanyin safiya. Na zura ƙusoshi, na sa notuna, na matse da sifana har fatar yatsana ta saɓule. Na tashi na zagaya shi, na dawo na ƙara matsewa. Na shiga na yi wanka, na fito na ƙara matsewa. In akwai abin da aka taɓa ɗaurawa da kyau a birnin Landan, to fiffiken nan ne.

Na saka sabon kaftani na farar shadda da wandonsa, don ba a zuwa gaban suruki da kayan aiki. Na ɗauki injin na gangara inda jirgin yake, na rataya shi a katakon baya, na fara murɗa sukuroran nan masu kunne. Ban kai ko'ina ba na ji muryar Nafisa daga sama: "Mun iso! Come and help Baffa, matakalar nan akwai santsi." Na ce a raina bari in sauko da shi in dawo in ƙarasa. Na haura da gudu.

Saukowa da Alhaji aiki ne. Ga sanda, ga babbar riga, ga ƙafa da ba ta lanƙwasuwa. Rigar ruwan da na ba shi, mai hana nutsewa, ta ƙi haɗuwa a cikinsa, sai da muka ɗaure ta da igiya. (E, igiyar injin ce. Ita na gani a kusa.) Da ya zauna ƙafar ba ta sami wurin miƙewa ba, filafilan tuƙi biyu sun tare wurin, na zare su na ajiye a kan tudu. Me mai fiffike zai yi da filafili?

Nafisa da Hajiya suka koma saman katangar kogi, inda za su gan mu da kyau. A gefensu akwai wata mashaya, Turawa sun fito da kofunansu sun cika bakin katangar suna shan rana. Na ja igiyar tayarwa, injin ya kama tun a jan farko. Muka fita daga ɗan rafin da ake ajiye jirgin a hankali muka shiga babban kogi. Ruwa ya fara janyewa, don kogin nan cika yake yana komawa kamar numfashi, amma ban kula ba. Idona yana kan Alhaji. Ya sa hannu a ruwa, ya ɗebo, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta saki. Wallahi har haƙoransa na gani.

"Injiniya," ya ce, "haka za mu yi ta rarrafe? Buɗe masa wuta."

Na murɗa. Hancin jirgin ya ɗaga, sai na ji bayan ya taso a hankali, hancin ya sauko, jirgin ya kwanta. Muka tashi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙarar ruwa ta canza, iska ta cika mini kaftani, gine-ginen bakin kogi suka fara gudu da baya. Alhaji ya dafe hula da hannu ɗaya, ya riƙe gefen jirgi da ɗaya, yana dariya da ƙarfi kamar yaro. "Haka! Haka ake yi!" Ni kuwa a raina har an ɗaura aure, ana rabon goro.

To a nan ne na ce bari in yi kwana a gaban katanga, Nafisa ta gani da idonta. Na tura hannun injin gefe da ƙarfi.

Injin ya ɗago. Na ji shi a hannuna yana hawa, kamar wani yana miƙo mini shi daga ƙasa. Ya karkace, ya yi wata kururuwa da farfelar ta fito iska, ya fizge daga hannuna, ya juya sau ɗaya a sama da sabon fiffikensa yana sheƙi, ya faɗa ruwa. Tiyon mai ya tsinke ya bi shi. Sai shiru. Jirgin ya ɗan ƙara gaba ya lafa. Abin da ya rage a hannuna robar mariƙin ce kawai, ina riƙe da ita gam, har ina ɗan murɗawa.

Alhaji yana fuskantar gaba, bai ga abin da ya faru ba. Ya juyo a hankali. Ya dubi katakon baya, ya dube ni, ya dubi robar.

"Injiniya, ina injin?"

"Baba... ya sauka."

"Ya sauka."

"E, ranka ya daɗe."

"To ɗauko filafili."

Na waiga. Ya bi idona zuwa can tudu, inda filafilan suke kwance a jere abinsu. Ya ce, "To, madalla."

Ruwa ya ɗauke mu a hankali ya kai mu gefe, ya ajiye mu a kan taɓo, ya ci gaba da tafiyarsa ya bar mu. Kafin wani lokaci ko'ina laka ce baƙa mai sheƙi, mai warin da ba zan kwatanta ba don wataƙila kuna cin abinci. Katangar ba ta da nisa, ana jin maganar mutane. Alhaji ya ciro carbi ya gyara zama.

"Mu zauna," ya ce. "Ruwan da ya tafi zai dawo."

Ku ji fa. Dattijo ya ba ni mafita, ba abin da ake nema a wurina sai zama. Amma zama shi ne abin da ban iya ba. Na duba hagu, na duba dama. Mutanen mashaya sun ƙaru, wasu har da nuna mu. Na ga Hajiya ta dafe ƙirji. Na ce ai jan jirgin nan zuwa matakala ba wani abu ba ne. Na naɗe kaftanina sama na cusa shi a ƙarƙashin rigar ruwa don kada shadda ta ɓaci.

"Don't!" Nafisa ta ƙwalla daga sama. "Kar ka fita! Don Allah stay in the boat!"

Na ɗaga mata hannu irin na jarumai, na zura ƙafa.

Taɓon ya karɓe ni har gwiwa. Na sa ɗaya ƙafar don in ciro ta farko, ita ma ta tafi. Na yunƙura, na ƙara nutsewa har cinya. Sanyi ya ratsa ni. Duk motsin da na yi sai lakar ta yi wani sauti kamar tana tsotsar ƙashi. Da na ga abin ya wuce wasa sai na kama gefen jirgin da hannu biyu, na tattara ƙarfina gaba ɗaya, na ja jikina sama.

Na fito. Ni na fito. Takalma ba su fito ba, wando bai fito ba. Zariyar ta siliki ce, ta saɓule ba ko sallama.

Sai ga ni kife a kan gefen jirgi, kaina a ciki wajen ƙafafun Alhaji, sauran jikina a waje yana fuskantar katanga, kaftani a naɗe har ƙirji. Gajeren wandon da ke jikina kuwa irin na gwanjon kasuwa ne da ake sayarwa a ƙulle, ba a zaɓen launi. Ruwan ɗorawa ne, da hoton 'yan agwagi.

Mashayar nan gaba ɗaya ta ɗauki tafi. Har da fito. Wani ya ɗaga kofi ya yi mini kirari da Turanci. Da na waiga ta ƙarƙashin hammata na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, Nafisa kuma ta durƙushe a bayan katanga, kafaɗunta kawai ake gani suna rawa. (Ta rantse mini daga baya kuka take yi. Na zauna da ita shekaru masu yawa yanzu, na san yadda kukanta yake. Ba shi ba ne.)

Alhaji ya kama wuyan rigar ruwata da hannu ɗaya ya jawo ni ciki kamar kifi. Ya zare ɗan mayafin da ke kafaɗarsa ya jefa mini a cinya ba tare da ya dube ni ba.

"Zauna," ya ce. "Don girman Allah, yaron nan, zauna."

Na zauna. A nan ya yi taimama a jikin benci ya yi la'asar daga zaune, ni kuwa ko ɗaga ido na kasa. 'Yan kwana-kwana ne suka zo daga baya, wani ya kira su. Suka shimfiɗa tsani da katakai a kan lakar, suka fitar da Alhaji cikin girmamawa, ni kuma suka naɗe ni da bargo. Babbansu ya tambayi waye matuƙin. Alhaji ya nuna ni da sanda ya ce da Turancinsa mai nauyi, wai injiniya ne.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Ban kira Stratford ba. In wayar flat ta yi ƙara sai in shiga banɗaki. Da Isiyaka ya dawo na gaya masa a tsaye a bakin shago, don in sami hanyar gudu. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Da ruwa ya janye muka sa dogayen takalman roba muka bi katakai muna dubawa. Shi ya fara hango shi: injin ya nutse da ka a cikin laka, ba abin da ya fito sai fiffiken, a miƙe. Isiyaka ya kama shi ya jijjiga, ko motsi bai yi ba.

"Wannan kam," ya ce, "ka ɗaure shi da kyau."

Injin bai ƙara tashi ba. Duk Asabar ɗin hunturun shekarar a shagon Isiyaka na yi ta, ina sauke doya.

Ranar Juma'a na yi niyyar sulalewa daga masallaci ta ƙofar gefe, sai na ji an dafa ni da kan sanda. Alhaji ne. Muka tafi gidansa. Na durƙusa a inda na saba, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri da na kwana ina shiryawa. Ya ɗaga hannu.

"Tun da na zo garin nan," ya ce, "ban yi dariya ba sai ranar. Sau biyu ma. Ta farko a kan ruwa. Ta biyu sai da na dawo gida na rufe ƙofa, don kada in ƙara maka." Gefen bakinsa ya motsa. "A al'ada, kafin a ba mutum 'ya sai an yi bincike a kansa. Kai ka hutar da ni. Babu abin da ya rage ban gani ba."

Na sunkuyar da kai har goshina ya kusa taɓa kafet.

"Ka gaya wa mahaifinka ya turo. Amma da sharaɗi. Duk wani abu mai noti a gidanku, Nafisa ce za ta ɗaura."

Haka kuwa aka yi, har yau.

Mutane in sun ji labarin nan sukan tare ni da wa'azi, wai darasin shi ne mutum ya gama aikin da ya fara kafin ya kama wani, ko kuma in babba ya ce a zauna a zauna. Duk na yarda. Amma ni abin da na ɗauka na riƙe hannu biyu ya fi wannan sauƙi: in za ka je gaban surukai, ko a tudu ne, ka sa zariyar auduga, ka yi mata ƙulli biyu, kuma abin da ke ƙarƙashi ya zama fari.